Ranar cike fom ɗin JAMB

Asabar, Tudun Wada, Zariya.

Yau na raka 'yar Yaya rajistar JAMB a Samaru. Tun a cikin a-daidaita-sahu take nanata min, "Gwaggo, ni fa kimiyyar kwamfuta zan karanta." Yarinyar akwai kai a lissafi, wannan kowa ya shaida.

Da layi ya zo kanmu, saurayin da ke cike fom ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Nas za a sa, ko?" Hijabi kawai ya gani ya yanke hukunci. Kuma zaɓin ba wasa ba ne, domin mai neman aikin jinya bayoloji take rubutawa a gurbin lissafi. Na ce ya dakata, na kira babanta.

Yaya bai yi faɗa ba, shi ya fi ba ni haushi. Cikin lallami ya ce, "Ƙanwata, wannan karatun maza ne. Kwana ake yi a gaban na'ura, aikin kuma sai Legas ko Abuja. Wane miji ne zai lamunta?"

A gidan nan fa kwamfutar cinya ɗaya ce, kuma ƙaninta aka saya wa. Wasan ƙwallo yake bugawa a kai. Ita sai ta gama wanke-wanke da shara take samun taɓawa, shi ma in an kawo wuta. Gobe kuma a ce ai namijin ya fi ta sabo da na'ura.

Ba mu muka fara ba. A Amurka mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, a 1945, wata mata mai suna Grace Hopper kuma na cikin waɗanda suka share fagen COBOL, harshen rubuta manhajar kwamfuta. A 1984 kusan kashi 37 cikin ɗari na masu digirin kwamfuta a can mata ne. Da aka shiga tallar kwamfutar gida a matsayin kayan wasan samari, adadin ya yi ta sauka har ƙasa da kashi 20.

Ban karanto wa Yaya wannan tarihin ba, ba zai saurara ba. Hajiya na kai wa ƙara bayan la'asar. Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san sanda za a sa ni makarantar boko haka aka ce ba zan auru ba. Ta aika a kira shi gobe da safe. Fom dai mun baro shi ba a cike ba, Litinin za mu koma.