Yoyon jirgin wani a Mazara

Mai jirgin bai ko dube ni ba. Sai ya yi magana da maigidanmu na wurin gyaran jiragen ruwa, cikin Italiyanci, yana zaton ba na ji, wai kada a bar yaron nan ya taɓa masa jirgi. Ni da aka haifa a Yauri, na tashi a bakin Kwara!

Tsohon jirgin faiba ne, wato na zaren gilas da aka daskarar da ƙaro, kullum gari ya waye da ruwa kwance a cikinsa, an yi ta liƙi a banza. Maigida bai biye masa ba, ya miƙo mini gudumar roba. A nan Mazara del Vallo, a Sisiliya, na koyi cewa faiba ba ya ɓoye ciwonsa ga mai kunne: inda yake lafiya sai ka ji ƙwas-ƙwas, inda ya rabu ta ciki kuwa ƙarar a dushe take. Tun jirgin yana kan ruwa na tsane cikinsa ƙaf, na barbaɗa hoda, na zauna jira. Sai ga siririn sawun ruwa ya tsaga hodar daga gindin bututun da ke shigar wa inji ruwa. Da aka ɗaga shi tudu, na fasa ƙurajen da suka fito masa a ƙasa, ruwa mai warin tsami ya tsarto. Na gurje wurin da faɗi, muka jira ya bushe sarai, sannan na jera ƙyallen faiba da ƙaro, falle kan falle. Ƙurar nan kuwa, ko ka yi wanka sai ka kwana kana susa.

Da mai jirgin ya zo ɗauka, maigida ya yi wa godiya. Har yau abin na ci mini rai.

Ban gaya wa Baba ba. Da tsumma da kwalta da facin gwangwani yake toshe kwale-kwalensa, ƙanena na gindi yana kwarfe ruwa har su tsallaka. Tun da jirgin nan ya tarwatse da mutane kusa da Wara a 2021, hankalina bai sake kwanciya ba. Na aika kuɗin sabon katako, sai Inna ta ce ya biya wa 'yan ƙannena kuɗin makaranta da su. Na kira shi na ce, "Baba, don Allah a sauya katakon nan kafin ruwa ya cika." Ya ce in sha Allahu, sannan ya tambaye ni ko ina samun tuwo a nan.