Hannun rigar nan dai ya zauna

Ƴan uwa masu koyo, ku taya ni murna. Doguwar rigar atamfar nan da na dame ku da ƙorafinta, jiya da la'asar na saka ta, na ɗaga hannuwa biyu na ɗaura kallabi, rigar ba ta biyo ni sama ba. Ƙugu yana ƙugu, kafaɗa tana kafaɗa. Sai da na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki, har Inna ta leƙo tana tambayar wa ya haihu.

Ga waɗanda ba su bi zancen tun farko ba, riga ce mai kama jiki har ƙugu, mai dogon hannu da ake haɗawa daban, ƙasanta a buɗe. Takardar yankanta daga intanet na sauke, lamba 42. Maganar buga takarda kuwa, a taƙaice: kada ku bar shagon sai kun ɗora tef a kan ɗan murabba'in gwajin da aka zana a jikin takardar. Nawa ya kamata ya ba da santimita 10, ya ba da 9.6, don yaron shagon ya bar na'ura ta matse zanen ya shige shafi. A ido ba komai ba ne, amma a ƙirjin da ya kai santimita 100 an cinye miki 4 ke nan. Shafi 32, kowane dala goma, na biya sau biyu. Ku ce a buga ɗari bisa ɗari, ku tsaya a kansa.

To, ba a nan gizo yake saƙar ba. Jikin rigar ya zauna lafiya lau tun a akokon gwaji. Hannu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. In na tsaya ƙiƙam gaban madubi, hannuwa a sake, sai ku ce daga kanti aka ɗauko ta. Da na ɗaga hannu ko zuwa kafaɗa ne, sai rigar duka ta taso, ɗinkin ƙugu ya hau kan haƙarƙari, kafaɗa ta tattaro ta nufi kunne, dantse kuma ya shaƙe har zare yana ƙara. Rigar da ba za ki iya kabbara da ita ba, ba za ki ɗora tulu a ka ba, ba za ki sauko da kwano daga kan kanta ba, ina amfaninta?

Na kai wa wani dattijon tela da ke layinmu, mutumin kirki, ya fi shekarun haihuwata yana kan keke. Ya juya ta, ya ce, "Ƴata, hammatar ce ta yi miki kaɗan, zurfafa ta." Yayata ma haka ta ce. Wata ƙawata da ta yi koyo a wani shago a Sabon Gari ita ma haka. Baki ya zo ɗaya, aka sa almakashi aka sauke hammata santimita 3, aka rage ƙasan hannun don ya dace da sabon ramin. Sakamako: da can ina iya kai hannu kafaɗa, yanzu ko nan ban kai ba. Kuma wannan ba a akoko ba ne, a atamfa ce, turmin da na ba da jika goma sha biyu a Kasuwar Dole. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Ba laifin Baba tela nake gani ba. Shawararsa daidai take a irin ɗinkin da ya saba, bubu da manyan riguna masu walwala, inda yadi ya yi yawa har ba ruwan hannu da inda hammata ta tsaya. Riga mai kama jiki lissafinta daban ne, kuma sai da na kwanta da tef a hannu ina auna jikina na gane shi. Ki ɗaga hannunki sama, ki auna daga ƙugu, ta gefen jiki, ta hammata, har wuyan hannu. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma dole rigarki ta kasance tana da wannan tsawon, wato ɗinkin gefe haɗe da ɗinkin ƙasan hannu. In kin sauke hammata kin gutsure ɗinkin gefe, in kin gyara hannun ya dace kin sake gutsure na ƙasan hannu. Tsawon ya gaza, to ina rigar za ta samo cikon? Sai ta jawo shi daga ƙasa, shi ya sa take tasowa. Kamar matsattsen wando ne da hantsarsa ta sauka can ƙasa, mai shi ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau kabu-kabu, ko da ƙugun ya yi masa daidai. Ashe hammata sama ake kai ta, kusa da inda hannun mutum yake lanƙwasa da gaske.

Rabin maganar ke nan. Sauran rabin yana tudun kan hannu, wato lanƙwasasshen saman hannun riga da ake ɗinkewa a kafaɗa. Masu zana waɗannan takardu suna son hannu ya sauko sumul ba ko ƙwarzane, don haka sai su yi tudun da tsayi, faɗin dantse kuma kaɗan. Dogon tudu yana sa hannun riga ya kalli ƙasa, gajeren tudu mai faɗi yana sa ya buɗe gefe. Ku shimfiɗa rigar yaro ta ƙwallo a tabarma ku gani, hannuwanta a baje suke, tudunsu kaɗan ne, shi ya sa yake wuni yana guje-guje ba ta dame shi.

Ga lissafin da na yi wa sabuwar rigar, a santimita, kamar yadda na rubuta a bayan takardar, duk a kan layin ɗinki na auna, ba a bakin yanka ba, tef ɗin a tsaye a kan gefensa don ya bi lanƙwasa. Wannan ya fi komai muhimmanci, don in kin kwantar da tef a kan lanƙwasa ƙarya zai yi miki. A takardar asali zagayen ramin hannu 45 ne, bakin tudun hannu 49, tsayin tudun 15, faɗin dantse 34. Dantsena kuwa 33. Kun ga sararin santimita 1 kacal aka bar mini, a atamfar da ba ta miƙewa ko kaɗan. Na ɗaga hammata 1.5 a gaba da baya, na shafe layin a hankali ya haɗe da tsohon wajen alamomin haɗa hannu da jiki da ke kan takardar, ɗaya a gaba biyu a baya, rami ya koma 43. Hannun kuma na tsaga takardarsa gicciye, ɗaya daga ƙololuwar tudu zuwa ƙasa, ɗaya a layin dantse, na bar ɗan maƙale a bakuna, na ja gefe da gefe. Yana buɗewa tudun yana sauka da kansa. Na tsaya a faɗi 37, na ƙara shafe ƙololuwar har tsayi ya zama 11, bakin tudun ya ba ni 44.5. Na kwafe a takardar buhun siminti, don ita ce ke jure fil da ninkewa.

Wannan rarar ta 4 da ke takardar asali, wato bakin tudu 49 a kan rami 45, ita ma ta ci mini tuwo a ƙwarya tun farko. An yi ta ne don yadi mai laushi, irin ulu, wanda in ya ji tururi yake shanye rarar ya kwanta. Atamfa saƙarta a matse take, ga kuma ƙarfin da take zuwa da shi daga kamfani. Ba ta shanye komai. Ko kin yi layin tattara biyu kin ja zare a hankali, sai kin ga ƴan ƙananan ninki sun fito a kafaɗa. Da rarar ta koma 1.5, layi ɗaya na yi da dogon taku, tsakanin alamar gaba da ta baya kawai, na ɗan ja kaɗan. Wajen ɗinki na sa hannun a ƙasa, jikin rigar a sama, don haƙoran keke suna jan na ƙasa fiye da na sama, su suka cinye mini ragowar. Kekena na ƙafa ne, Butterfly, allura lamba 14. A lanƙwasar hammata da hannu na riƙa juya shi, taku ɗaya ɗaya, yatsana na hagu a ƙarƙashi yana laluben kada wani ninki ya shige. Guga kuma na naɗe tawul tam na cusa a kafaɗar, na ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, na danna da dutsen gawayi, tunda kuran a wannan zafin ba a yin alkawari da shi. Bakin ɗinkin ya kwanta ya nufi cikin hannu.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa muku, kada wata ta gwada ta zo tana zagina. In na sauke hannuwa, akwai ɗan ninki da ke fitowa a karkace daga gaban hammata. Ba zai ɓace ba, shi ne yadin da nake ara in na ɗaga hannu. Yayata ta gan shi ta taɓe baki, wai na kanti ba ya yin haka. Na ce, "Yaya, na kanti kin taɓa tuƙa tuwo da shi?" A zanen atamfa mai cika ido ma sai an ƙura ido ake ganinsa. In rigar zaman biki ce, wadda aikinki a cikinta riƙe jaka da ɗaukar hoto, ki bar tudun a 13 ko 14, ba wanda zai hana ki. Ni ta sawa kullum nake so.

Waccan da aka zurfafa ma ban yar da ita ba, jika goma sha biyu ba wasa ba ce. Wata tsohuwar taguwar Baba na gani a kan igiya, a hammatarta akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka dasa. Na farke ɗinkin gefe da na ƙasan hannu da reza, santimita 8 kowane, na yanko murabba'i mai 8 a kowane gefe, ban da rarar ɗinki, daga ragowar atamfar, na dasa shi kusurwa ɗaya tana kallon ƙugu ɗaya tana kallon gwiwar hannu. A haka tsayin nasa ya faɗo a karkacen saƙa, inda atamfa ke ɗan ba da kai. Kusurwoyin sun ba ni wuya sosai, ɗaya har yanzu da ɗan tsuke, da allurar hannu na ƙarasa ta. Amma rigar ta sawu, hannu yana kaiwa sama. Ba ta kai sabuwar kyau ba, ta zaman gida ce da zuwa kasuwa cikin hijabi.

Da a tsarina wannan makon na zif ne da wuya, mako mai zuwa kalmasa. Duk sun cakuɗe. Zif ɗin na saka shi tun ina jiran gawayi ya kama, ya shiga ba gardama, ba abin ba da labari. Ƙasan rigar ne ya ɗan tsaya mini, don takardar an tsara ta a kan yadi mai faɗin 140, atamfa kuwa ba ta kai 120 ba, ko da yake turmi yadi 6 ne, kusan mita biyar da rabi, tsawo ba ya yanke wa mutum. Na raba gaba gida biyu, baya ma haka, na rage buɗin kaɗan, na kashe kusan rabin yadi wajen neman furannin su haɗu a ɗinkin tsakiya. Sun haɗu, in ban da can ƙasa inda ba mai dubawa. Tsawo kuma na rage 6, don irin waɗannan takardu na Turai galibi a kan mace mai tsayin 168 ake zana su, ni kuwa ban kai nan ba. Na wanke turmin kafin yanka, duk da jarkar ruwa a Damagaram a watannin nan kun san yadda take, na gwammace in biya mai ga-ruwa da in ga riga ta ɗage bayan wankin farko.

Abin da ya rage yanzu wuya ne. Bayan wuyan yana ɗan buɗe baki, ba ya kwanciya a jiki, kusan yatsa ɗaya ke shiga. Ina tunanin in tsuke shi da ƴan ƙananan tsuke biyu, rabin santimita kowane, kafin in sa lafatu, amma zanen wajen yana da layi a tsaye, tsukewar za ta karya shi. Wadda ta taɓa mayar da irin wannan rarar cikin ɗinkin kafaɗa, ta faɗa mini yadda ta ƙare. Sannan ƙanwata ta riga ta ajiye mini shaddarta wai in yi mata irin wannan hannun kafin Sallah. Shadda in an farke ta ramin allura ba ya rufewa, don haka ba zan taɓa ta ba sai na yi nata gwajin a akoko, kuma na gaya mata kuɗin akokon daga aljihunta zai fito.