Ƴan tarkacen da ba na fita babu su

Jiya da daddare na zazzage jakata a kan gado ina neman wata takarda, sai na tsaya ina kallon abubuwan da suka zubo. Ba waya da makulli da walat nake nufi ba, waɗannan ko daga barci aka tashe ka ba za ka fita babu su ba. Sauran nake magana, ƙananan abubuwan nan da in ka bar su a gida ba abin da zai same ka, amma ranar da buƙatarsu ta taso kuma babu su a kusa, to ranar za ka yini cikin takura a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wanda ya fara koya min wannan ɗabi'ar fil ne, sefti fin ɗin nan mai kulle bakinsa. Ina zaune a layin intabiyu na neman aiki, na miƙe ke nan zan gyara zama sai zif ɗin wandona ya ɓalle gaba ɗaya, saura mutum biyu a kira ni, wallahi na rasa inda zan sa kaina. Wata dattijuwa da ta rako ɗiyarta ta lura, ba ta ce komai ba ta buɗe jakarta ta miƙo min fil guda biyu ta ce ungo ɗana, je ka gyara. Na ce na gode Mama, Allah ya saka da alheri, na shiga banɗaki na kama wajen na saki riga a kai, ba wanda ya gane komai. Tun daga ranar akwai fil uku maƙale a cikin jakata. Wani Ba'amurke ne Walter Hunt ya ƙirƙiro shi a 1849, ya lanƙwasa siririyar wayar ƙarfe guda ɗaya ta zama sifirin a gindi, ta zama murfin tsini a kai, kuma har yau siffar ba ta canja ba don ba abin da za a ƙara mata. Yana kama maɓallin da ya fita, yana kama hannun jaka in ya tsinke, in kan zif ya karye ka maƙala shi ya zama abin ja, har ramin sim na waya ina buɗewa da shi, a hankali dai.

Sai biro da ɗan ƙaramin littafi. Na san za a ce ai waya na rubutu, eh tana yi, amma ba ta cike fom, ba ta sa hannu a takarda, kuma ba za ka yage shafi daga cikinta ka ba mutum ba. Sunan ma biro na mutum ne, Laszlo Biro, ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Ya lura tawadar buga jarida na saurin bushewa ba ta dama takarda, amma ta yi kauri ba ta bin bakin alƙalami, shi ne aka sa ɗan ƙwallo a baki yana juyawa yana ɗauko ta. A shafin farko na littafin na rubuta lambobin mutum huɗu da hannu. Wannan kam ina roƙon kowa ya yi shi yau ɗin nan, domin yanzu yawancinmu ko lambar mahaifiyarmu ba mu haddace ba, komai na cikin waya, in ta mutu ko ta faɗi ko aka ɗauke, ko wani ya ara maka tasa ba ka san wa za ka kira ba.

Fawa banki kuma shi ne mafi nauyi a cikin kayan, shi ya sa na daɗe ina tunani a kansa. Mutane na sayen mai 10,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, su ce ai wayata 5,000 ce, sau biyu ke nan zai cika ta, daga baya su ce an cuce su. Ba lalle cuta ba ce. Batirin da ke ciki yana aiki ne a kan bolt 3.7, in zai ba waya sai ya ɗaga wutar zuwa bolt 5, ita ma wayar ta sake sauke ta kafin ta shiga batirinta, kuma a kowace juyawa wani kaso na tafiya a zafi, shi ya sa kake jin su biyun sun yi ɗumi. Abin da za ka samu sau ɗaya ne da ɗan ƙari. Ni wannan ya ishe ni na yini guda, manyan nan masu kama da bulo na gwada, sati biyu na fara barinsa a gida saboda nauyi, to meye amfaninsa a gida. Kar a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, batirin litiyam ba ya shiri da zafi, in kuma ka ga ya fara kumbura ka daina amfani da shi nan take. Mai hawa jirgin sama ya sani a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a loda a ƙasa ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba 100 Wh ce, wajen 27,000 mAh ke nan. Igiyar caji gajera nake haɗawa da shi, doguwar kullum cikin harɗewa take da makulli.

Tocila ƙarama mai cin batir AAA ɗaya. Ita ma za a ce waya na da ita, amma daidai lokacin da kake buƙatar haske shi ne lokacin da kake tattalin cajin wayar, kuma ba za ka so ka zura wayarka ƙarƙashin mota ko bakin rami ba.

Filasta guda biyar a cikin walat, ba su da nauyin komai. Asalinta ma daga irin wannan ƙaramar buƙatar ta fito, wani ma'aikacin Johnson & Johnson mai suna Earle Dickson ne ya haɗa ta a 1920 saboda matarsa na yawan yankewa da ƙonewa a wajen aikin gida, ya manna ɗan bandeji a tsakiyar tef yadda za ta iya ɗaura wa kanta da hannu ɗaya. Ni ba yanka ne ya fi cinye min ita ba, sabon takalmi ne. Da ka ji dunduniya ta fara zafi ka tsaya ka manna tun kafin ta yi bororo, in ka bari ta tashi to ka makara. Kuma gaskiya cikin goma da na ɓare, bakwai a jikin wani na manna, yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, abokin aiki takarda ta yanke shi, shi ya sa na koma ƙirga kayan nan da mutum biyu a raina. A duba su lokaci-lokaci, zafin aljihu na kashe gam ɗin.

Ƴar wuƙar aljihun nan ta Suwizalan mai naɗewa da ke haɗe da ƙananan kayan aiki, wadda Karl Elsener ya yi wa rajista a 1897, ina da ƙaramarta mai tsawon milimita 58 a jikin makullina. Abin mamaki wuƙar ce na fi ƙarancin buɗewa, almakashin ne ke aiki kusan kullum, zaren da ya zazzago a riga, lebur na sabon kaya, farcen da ya tsage, sai ɗan hantsakin da ke cire ƙaya ko sartse. Amma a yi hattara da ita, dokar ɗaukar wuƙa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsaurara bincike a filayen jirgi, da yawansu za su karɓe ta in tana jakar hannu. Ranar tafiya ko ranar shiga wajen da ake bincike a ƙofa ina cire ta tun daga gida.

Akwai wanda mutane ba sa kawowa a rai sam, abin toshe kunne na soso. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in mutum ya yini a cikinta awa takwas tana iya taɓa jinsa, kuma duk ƙarin desibel 3 rabin lokacin ne ya rage, ga shi jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Kusa da lasifika, kusa da inji, ko doguwar tafiya da kake son ka ɗan runtsa, suna taimakawa ƙwarai. Sai dai da yawa ba su iya sa shi ba, cusawa kawai suke yi. Murza shi za ka yi tsakanin yatsu ya sirance, ka ja saman kunnen da ɗaya hannun, ka zura, ka riƙe ɗan lokaci har ya buɗe a ciki.

Hankici, ƙaramin sanitaiza wanda sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100 don ƙasa da haka ba ya aikin yadda ya kamata, leda mai zif da nake jefa waya da takardu in ruwa ya sauko, da salatif mai ƙarfi da na naɗe a jikin tsohon kati maimakon in ɗauki dunƙulen gaba ɗaya. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Matsalar da na fuskanta ita ce abin na da shiga rai, yau ka ƙara wannan gobe ka ƙara wancan, kafin ka ankara kafaɗa na ciwo. Shi ya sa duk bayan wata uku nake zazzagewa, abin da ban taɓa ba a tsawon lokacin ya fita, in ban da filasta da takardar lambobi, su zamansu daram ko ban taɓa su ba. Haka na cire babbar filaya mai baki goma sha, na cire igiyar ɗaure kaya, na cire laita tunda ba na kunna komai. Sauran duk suna shiga ƴar jaka ɗaya da ba ta wuce tafin hannu ba, in na canja babbar jaka ita kaɗai nake ɗauka in jefa.

A zazzagewar jiya na ga fil ɗin saura ɗaya, biyun na ba wata ƴar makaranta a mota makon da ya wuce da hannun jakarta ya tsinke littattafai na shirin zubewa. Na ciro wasu biyu daga durowa na maƙala kafin na kwanta.