Waswasin da ke shanye buta uku kafin Asuba

Abu na farko da aikin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa a Gombe ya koya mana shi ne, mai waswasi ba ya zuwa asibiti da sunan waswasi. Yana zuwa ne da hannu da ya tsattsage saboda sabulu, ko bugun zuciya, ko rashin barci. Wani kuma matarsa ce ke kawo ƙorafi, wai jarka biyu ta mai garuwa ba ta kai Azahar. Sai an tambaye shi kai tsaye, "Minti nawa alwala ke cin maka?" sannan ya sunkuyar da kai ya ce arba'in.

Likitoci na kiran ciwon OCD, kuma ƙafa biyu gare shi. Akwai tunanin da ke kutso kai ba a gayyace shi ba: ko fitsari ya fantsamar mini, ko ban kulle shago ba, ko na furta saki ban sani ba, ko na yi saɓo a zuci. Akwai kuma aikin da mutum ke yi don ya kashe fargabar: sake wanki, sake kabbara, komawa duba kwado, tambayar malami na biyar abin da huɗu suka riga suka amsa. Ma'aunin da ake dubawa shi ne abin ya ci fiye da awa 1 a yini, ko ya hana mutum karatu, sana'a ko zaman gida. Yana taɓa kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma ya fi farawa daga balaga zuwa shekara 20 da 'yan kai.

Tarkon yana cikin sauƙin da ake samu. Mutum ya sake wanke hannu, zuciya ta kwanta na minti biyu, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa wankin ne ya cece shi. Gobe sai ta nemi ƙari. Shi ya sa lallashi da hujja ba sa aiki: shi kansa ya san hannun tsaf yake, tabbas ɗari bisa ɗari yake nema, abin da ba wanda ya taɓa samu.

A nan malaman zaure sun riga mu. A cikin Ahalari, wanda kusan kowane ɗan Islamiyya ya karanta, hukuncin mai waswasi shi ne ya watsar da shi, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi sujadar ba'adi kawai. Hadisi ya ce kada mai sallah ya fita sai ya ji ƙara ko wari, kuma Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, ruwan da bai kai lita ba. Mun ga cewa mara lafiya ya fi karɓar magani idan malaminsa da likitansa suka yi baki ɗaya. Sharaɗi dai malami ɗaya, amsa sau ɗaya. Yawon fatawa shi ma wani nau'in wankin hannu ne.

Maganin da ya fi tasiri shi ne tunkarar abin tsoro tare da hana kai maimaitawa, wanda ake taƙaitawa da ERP. Ana zama da mara lafiya a rubuta abubuwa kamar goma da ke tayar masa da hankali, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Taɓa hannun ƙofar banɗaki, a ce 40. Alwala da buta guda ba tare da sakewa ba, 70. Sallah da wandon da ya shiga Keke Napep da shi, 90. Daga wajen 40 ake farawa. Ya taɓa, ya zauna, ba wanki. Fargaba za ta hau, gumi ya keto, sannan ta fara sauka da kanta, galibi cikin rabin awa zuwa awa guda. Ya rubuta makin duk bayan minti biyar. Haka kullum a gida, har matakin ya daina ba shi tsoro, sannan a hau na gaba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi da mai ba da horon.

Inda ake faɗuwa kusan guda ne. Wani yana zumuɗi ya fara da 90, ya firgita, ba a sake ganinsa ba. Wani ya daina wanki da ruwa amma ya koma wanki a zuci, yana nanata wata kalma sau bakwai ko yana bitar abin da ya faru, sai a yi mako shida ba ci gaba. Dole a tambayi wannan, don ba a gani da ido. Na uku kuma gida ne. Uwa mai tausayi da ke cewa "Wallahi ka wanke, na gani" sau ashirin a yini tana ciyar da ciwon ba ta sani ba. Muna koya wa iyali amsa guda: "Mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba, amma ina nan tare da kai." Makon farko za a yi rigima, a sa rai da ita. Tsawa da gori kuwa ɓoyewa kawai suke koya masa.

Ƙwayoyin da ake rubutawa su ne irin fluoxetine da sertraline, sai clomipramine idan waɗancan ba su yi ba. Sertraline kan fara daga miligiram 50 a kai har 200, fluoxetine daga 20 zuwa 60, likita ne ke hawa da shi a hankali. OCD ya fi ciwon baƙin ciki buƙatar adadi mai yawa, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukuncin ko ya yi aiki. Tashin zuciya da ciwon kai na kwanakin farko sukan wuce. Raguwar sha'awa kan daɗe, kuma magidanta da yawa kan ajiye maganin a kanta ba su faɗa ba, alhali ana iya sauya shi. Idan an samu sauƙi a ci gaba aƙalla shekara guda, a sauka a hankali. Matashi ɗan ƙasa da 25 a sa masa ido a makonnin farko, in ya fara zancen kashe kansa a dawo da shi ranar.

Diyazefam na kemis yana kwantar da jiki na 'yan awanni, ba ya taɓa waswasin, ga kama jiki. Taramol tare da waɗannan ƙwayoyin na iya jawo jijjiga. Mai bugun zuciya da firgici kuma a duba masa hawan jini da maƙoƙo, a ƙirga goro, kofi da lemon ƙara kuzari da yake sha, don suna iya ƙara fargabar.

Ana ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, mutanen Bauchi kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. A je da takardar da aka rubuta mintunan alwala da yawan maimaitawa na mako guda. Ciwon kan motsa lokacin jarrabawa, bayan haihuwa ko rasuwa, don haka kada a yar da jerin makin nan. In ya dawo, daga matakin 40 ake sake kamawa.