Goro, makulli da bashi

Shekarar da aka ɗora mini darasin gabatar da falsafa, ɗalibaina masu koyon aikin laburare ne, kuma babu wanda ya zo don son falsafar. Makonni uku na bi da su ta hanyar da aka bi da ni: Girka, Talis da ya ce asalin komai ruwa ne, Sukurat, Aflaton. Ina zuba, suna rubutu, ido a bushe. Rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah wannan zai fito a jarrabawa?" Da wannan tambayar na kwana.

Mako na huɗu na shiga aji da leda, na zazzage ta a tebur: goro biyu, makulli, takardar naira 500, da wata 'yar takarda da na rubuta cewa ana bina bashin dubu biyu. Na ce su kasa kayan gida-gida, yadda za su jera littattafai a kanta. Goro da makulli ba su ja gardama ba. Kuɗin ne ya fara tayar da ƙura: takarda ce ko daraja? Wani ya tuna mana canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takarda ta kwana tana kuɗi, ta wayi gari mai shayi ya ƙi karɓarta, alhali ko kusurwarta ba ta yage ba. Bashin kuwa ya fi wuya. Na ce idan na ƙona takardar bashin, shi ke nan na huta? Aji ya ɗauka, "Ina! Har lahira sai ka biya." To ina bashin yake, tunda ba ya cikin takardar, ba ya kuma aljihuna?

Sai a nan na faɗa musu cewa abin da suke yi shi ne ontoloji, ilimin samuwa: me ke akwai, kuma iri nawa ne. Wani dattijo a layin baya, wanda ya yi karatun zaure kafin boko, ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan jauhari da arali ne, mun yi shi a manɗiƙi." Wato abu kansa da siffofin da ke hawa kansa, a ilimin ƙa'idojin tunani. Ya jero rukunai goma da Aristo, masanin falsafar Girka, ya kasa abubuwa a ciki, da Larabci, kamar yadda suka iso hannun malamanmu ta fassarorin Bagadaza. Kunya ta kama ni. Mako uku ina jan su zuwa Atina ta Girka, ashe hanyar tana zaune a ajina da hula da carbi.

Daga nan muka koma kan abin da suke taɓawa kullum. Tsarin Dewey na 1876, wanda ake jera littattafan laburare da shi bisa lamba, ya raba ilimi gida goma. Addini ya samu lamba 200, amma daga 220 zuwa 280 Baibul ne da Kiristanci, Musulunci kuwa aka cusa shi a 297. Ɗalibai sun daɗe suna liƙa wannan lamba a gadon bayan littafi, ba su taɓa lura cewa hukunci ce wani ya yanke a kan girman abubuwa ba. Ni ban ɗauke ta mugunta ba. Shi Dewey, duniyar da ya gani daga Amurka ce ya kasa gida-gida.

Inda muka fi daɗewa shi ne waƙa. Ka ɗauki waƙar wa'azi da malami ya rubuta da ajami, almajirai suka kwafa, aka buga da boko, makaho ya rera a kasuwa. Abu nawa ke nan? Tsarin da ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, ta fitar a 1998 ya ce hawa huɗu ne: aikin kansa, sigar da ya fito da ita, bugun, sai kwafin da ke hannunka. Ya yi kyau a allo. Amma idan mai kwafi ya canza baiti uku, ya ƙara nasa biyu, sabuwar siga ce ko sabuwar waƙa? Mako biyu muka yi, ba mu daidaita ba, ban kuma tilasta ba.

Na yi wani kuskuren. Da na ga sun kama, sai zumuɗi ya ɗebe ni na kawo manhajar Protégé, ta tsara ontoloji a kwamfuta, ina ba su labarin yadda masana kwamfuta irin Tom Gruber suka ari kalmar ontoloji, da yadda masu nazarin ƙwayoyin gado suka gina tasu daga 1998. Rabin lokacin ya tafi a neman caji da girka manhaja, tunanin ya watse. Da muka koma alli da takarda, na ce su tsara rumbun bayanan dangi. Nan take suka gano cewa fom ɗin da aka gina da Turanci gurbi ɗaya ya ba kawu da baffa, ɗaya kuma ga goggo da inna, alhali a rabon gado da waliccin aure baffa daban, kawu daban.

A jarrabawa na saka bashin nan. Ɗalibar da ta yi mini tambayar farko ta cika shafi biyu, ta ce bashi alaƙa ce tsakanin mutum biyu, don haka gurbinsa ba ya cikin jerin kaya. A ƙasa ta ƙara da ƙaramin rubutu: "Malam, wai ka biya kuwa?"