Gem ɗin da ba a iya ba aboki aro

Jama'a, jiya na gane kurena. Da na tashi sayen PS5, na'urar buga gem ta PlayStation, sai na ɗauki wadda babu wurin sa faifai don ta fi arha, ƙanena yana ta cewa Yaya kar ka yi, ban ji ba. To ga shi na sayi FC 24, gem ɗin ƙwallon ƙafa, ta intanet, da akawun ɗin Amurka da katin da aka biya da dala, sai saukewa ta zama aiki, giga wajen 40, data ta ƙare sau biyu, wuta kuma aka ɗauke cikin zafin Sakkwato wanga, na'urar har huci take kamar murhu. Kwana uku kafin in buga wasa ɗaya!

Abin da ya fi ci mini rai, lokacin PS4 faifai nake saye na hannu, in na gama in kai wa mai gidan gem na unguwarmu, in cika 'yan kuɗi ya musanya mini wani. Wanga kuwa ba sayarwa, ba aro. A Turai an ce yawanci yanzu saukewa suke, to su intanet ɗinsu ba ta yankewa.

Ƙanen nawa dai tun safe yake mini dariya.