Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takunkumi a Ajin Kurame

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, bayan an samu mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Sai a watan Oktoba aka ba mu izinin buɗewa, aka kuma haɗo mu da ƙa'idoji: sa takunkumi, wanke hannu da sabulu, gwada zafin jiki a bakin ƙofa, da barin tazara. Duk wanda ya tsara su, Allah ya saka masa da alheri, amma a fili yake cewa yaro mai ji da gani ne a ransa lokacin da yake rubutawa.

Ni kuwa aji uku na kurame nake riƙewa a lokacin. Ranar farko tun daga bakin ƙofa aka fara rikici, domin na'urar gwada zafin jiki siffar ƙaramar bindiga ce da ita, kuma goshi ake saitawa da ita. Wata yarinya 'yar shekara takwas ta gan ta a hannun maigadi, ta kwasa da gudu ta maƙale a bayan mahaifinta. Ya dube ni ya ce, "Malama, ke za ki yi mata bayani, ni maganar hannuna ba ta kai nan ba." Na ce, "To Baba, bari in fara da kai." Na gwada shi, na gwada kaina, sannan na miƙa mata na'urar ta gwada ni, ta ga lamba ta fito babu abin da ya same ni. Daga ranar ita ce ke riƙe wa maigadi littafin rubuta sunaye.

Babbar matsalar a cikin aji take. Wanda bai zauna da kurame ba yakan ɗauka hannu kaɗai ke magana, alhali kuwa fuska tana ɗauke da kaso mai yawa na ma'ana, ko a maganar hannun da yara ke zuwa da ita daga gida, ko a wadda muke koyarwa mai asali daga Amurka. Kumbura kumatu yana nuna girman abu, motsin leɓe yana bambanta alamomin da suka yi kama da juna, masu ɗan sauran ji kuma da kallon baki suke cike abin da kunne ya rasa. Da na rufe bakina da atamfa, sai na ga idanu sun yi mini ca, ajin kuma ya mutu. Na kai wa wani tela wata leda mai kauri mai garai-garai, ya ɗinka mana takunkumi mai taga a daidai baki. Numfashi ya riƙa dusashe ledar, har muka gano cewa idan aka shafa ɗan sabulu aka goge, takan daɗe tana haske.

Wanke hannu na daƙiƙa 20 ma ya ba ni aiki. Masu ji waƙa ake sa su rerawa don auna lokaci, nawa kuwa da yatsu suke ƙirga, ga shi yatsun suna cikin kumfa. Sai na haɗa bakin kwalabe biyu na zuba rairayi, na ajiye kusa da bokiti mai famfo, ba mai ɗauraye hannu sai rairayin ya gama sauka. Na kuma kwatanta musu da alwala, wadda sun riga sun san ba a tsallake gaɓa a cikinta.

Tazara ce ban taɓa cin nasararta sosai ba, kuma ban ga laifinsu ba, tun da kurma da taɓa kafaɗa yake kiran ɗan'uwansa. Mun koma ɗaga hannu da buga tebur, amma da an fita tara sai tsohon hali ya dawo. A sashen makafi abin ya fi haka tsanani, domin su da riƙe juna suke tafiya daga ɗakin kwana zuwa aji, kuma a kan wannan ne muka yi saɓani da shugaban makaranta, wanda zan kawo labarinsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.